Sunan 'Yar Fari

Malama Halimatu Sa'adiya ta dawo daga makaranta ƙafafunta sun yi nauyi, muryarta ta dushe, gefen mayafinta duk farin alli. Ajin da take koyarwa a wata firamare cikin Dutse ya fi ƙarfin mutum ɗaya, yara ne har bakin taga, kowanne da irin nasa kukan. Ba abin da take so a lokacin kamar ta cire takalmi ta miƙe a tabarma. Sai dai tun daga zaure ta jiyo kiɗan nan da ya hana gidan sakat tun farkon damina. Ta tsaya ta ja guntun tsaki kafin ta yi sallama.

Tallan wani fim ne na katun, wanda wani babban kamfani na Amurka ya ce zai fitar ƙarshen shekara. A lura fa, fim ɗin ma bai fito ba. Ɗan guntun talla ne da yake ƙarewa kafin ruwan shayi ya tafasa, amma ya shiga wayar kowa a unguwar ya zauna daram. A ciki wasu mutane ne da suke kiwon gajimare yadda ake kiwon shanu, suna kora su da sanda daga wannan gari zuwa wancan don a samu ruwa. Akwai wata yarinya mai manyan idanu, ta fara girma, an ce lokaci ya yi da za ta kora garken ita kaɗai ta tsallaka bayan dutse. Tana cikin tafiya sai uwarta ta fito daga gida da gudu, ba mayafi ba komai, tana ƙwala mata kira, ta cim mata, ta rungume ta, ta ɗaura mata ƙyalle a wuya. Daga nan sai kiɗa ya tashi, rubutu ya fito, shi ke nan.

Sa'adiya ta gani sau ɗaya ta ce ya ishe ta. Wace irin uwa ce za ta fito a gaban jama'a tana ihun sunan 'ya kamar an yi gobara?

A tsakar gida ta tarar da su ukun sun haɗa kai a kan tsohuwar wayar babansu mai fasasshen gilashi. Zuhair da Mu'minatu, ƙananan, suka taso da gudu suna "Umma, sannu da zuwa," wannan ya kama jaka, waccan ta maƙale mata a zani. Babbar kuwa ta miƙe a hankali, ta rusuna daga nesa.

"Sannu da zuwa, Adda."

"Yawwa," in ji Sa'adiya, idonta a kan randa. "Ke, an ɗora tukunyar?"

"An ɗora."

Hirar ke nan, kuma kullum ita ce. Yarinyar sunanta Na'ima, shekararta goma sha uku, ita ce 'yar farin Sa'adiya, kuma tun ranar da aka raɗa mata sunan bai taɓa fita daga bakin uwar ba. Ba ƙiyayya ba ce, kada wani ya ɗauki alhaki. Sa'adiya Bafillatanar ƙasar Miga ce. Shanun gidansu sun daɗe da ƙarewa, wasu ciwo ya kwashe, wasu aka sayar aka yi karatu, amma kunya tana nan ba ta ragu ba. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana wurin. Haka uwarta ta yi wa yayanta, haka kakarta ta yi. A ajin Sa'adiya ma akwai yara masu wannan sunan, sai ta riƙa kiransu da sunan iyayensu maza, abokan aikinta suna yi mata dariya, ita ko a jikinta.

Da aka yaye yarinyar aka miƙa ta ga Iyatu, uwar mijin, a Miga. Can ta yi rarrafe ta yi tafiya, can ta shiga makaranta, Iyatu take kira Inna, uwar da ta haife ta kuma aka koya mata ta ce Adda, kamar wata yaya. Sa'adiya takan je da salla ta kai atamfa da takalmi, ta ajiye a ɗakin tsohuwar ba tare da ta ce na wane ne ba, ta saci kallon yarinyar ta gefen ido, ta dawo Dutse da ciwon kai. To, farkon daminar nan Allah ya karɓi Iyatu. Aka kawo Na'ima gidan ubanta, aka ce ta zauna kafin dangi su yanke inda za ta koma.

Ga su nan a gida ɗaya, uwa da 'ya, suna kauce wa juna a ƙofar kicin kamar baƙi a tasha. Sa'adiya tana sonta, so mai tsanani, irin wanda yake sa ta lura da loma nawa yarinyar ta ci tana yi kamar tana tsince shinkafa. Tana so ta zauna a gidan har aure ya raba su. Amma ta yaya za a faɗi wannan, kuma a gaban wa?

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan Talatu, mace mai faɗin baki da faɗin zuciya, wadda in ta yi dariya sai kajin unguwa sun watse. Mijinta, Malam Izzuddeen, yana da shago a bakin titi, yana cajin waya yana tura wa mutane fina-finai. A ƙuryar shagon ya kafa ɗan teburi da kwamfuta da makirfo, ya liƙa katifar soso a bango, wai wurin fassara ke nan. Burinsa a duniya ya riga mutanen Kano fassara wani abu. Da tallan nan ya kama gari sai ya ga dama ta samu.

Ranar wata Asabar da hantsi ya yi sallama a zaure, ya gaisa da maigidan, Malam Ɗayyabu, sannan ya ce wurin Malama ya zo. Sa'adiya ta fito da hijabi ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malama, alfarma na zo nema. Tallan katun ɗin nan nake so in mayar Hausa. Na'ima ta yi min muryar yarinyar jiya, wallahi kamar don ita aka zana, har sunanta na sa wa ta cikin fim ɗin. Saura muryar uwa. Na ce ga ki malama, kin saba magana a gaban aji, kuma ga ki uwarta. Layi uku ne kawai. Za ki kira ta ki ce ta tsaya."

Shi Bakano ne, Allah sarki, bai san ya taka wuta ba. Ɗayyabu ya sunkuyar da kai yana murmushi. Shi ya yi yawon aikin gona a ƙananan hukumomi, kunyar tasa ta zube a hanya, yana kiran sunan 'yarsa gatsal, 'yan uwansa suna ce masa ya zama Kaɗo, wato Bahaushe.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji Sa'adiya. "Ba na irin wannan."

"Ba a ganin fuska fa, murya ce kawai."

"Na ji. Ka nemi wata."

Da ta juya ta ga Na'ima a tsakar gida tana wanke kwanuka, ta ba su baya, hannunta ya tsaya cak a cikin ruwan kumfa. Sa'adiya ta wuce ta shiga ɗaki. Ranta ya ɓaci, kuma ba ta san da wa take fushi ba, da Izzuddeen ne, da Amurkawan da ba su da aikin yi sai zana uwaye marasa kunya, ko da kanta.

Talatu ce ta yi muryar. Ai dama wa zai yi in ba ita ba?

Daga ranar gidan ya koma wani abu. Da can tallan da Turanci yake, Sa'adiya tana iya toshe kunne ta ce ba da ita ake ba. Yanzu kuwa in ta dawo a gajiye, tana yanka albasa ko tana duba aikin yara, sai ta ji muryar Talatu ta fito daga waya, tana haki kamar da gaske gudu take: "Na'ima! Na'ima, 'yata, tsaya. Za ki tafi ba ki bari na gan ki ba?" Sai muryar yarinyar, siririya: "Umma, zan dawo ai." Sai kiɗa.

Ƙananan sun gaji da shi sun koma wani wasan. Babbar ce ba ta gaji ba. Takan zauna a gindin bishiyar dabinon da ke bayan ɗaki, ta mayar da shi daidai wurin kiran, ta saurara, ta sake mayarwa. Da Zuhair ya yi ƙorafi, babansu ya sayo mata iyafis ta riƙa toshe kunne da shi. Wannan ya fi yi wa Sa'adiya ciwo. Ba ta jin komai, amma tana ganin ɗan yatsan yarinyar yana komawa wuri ɗaya a kan gilashin, ta san abin da ake sauraro.

Wata yamma hadari ya haɗu a kan duwatsun garin, Sa'adiya tana kwashe shanya da sauri, Talatu ta leƙo ta kan katanga, ta rage murya, abin da ba ta saba ba.

"Maman Zuhair, 'yarki fa ta girma. Shekaranjiya ta shigo min a firgice, ta ɗauka ciwo ne. Na zaunar da ita na yi mata bayani, na koya mata wanka, na ba ta abin da za ta yi amfani da shi. Na ce bari in gaya miki ki sani."

Sa'adiya ta tsaya da zani a hannu. Tana gida shekaranjiya. Tana nan a tsakar gidan nan tana tankaɗe lokacin da yarinyar ta wuce ta gabanta ta fita.

"An gode," ta ce. "Allah ya saka da alheri."

"Haba, ai 'yata ce. Amma ke ma ki ɗan ja ta a jiki mana. Wannan kunyar taku sai ka ce ba ku kuka haifa ba."

"Haka muka taso."

"To, Allah ya kyauta," in ji Talatu, ta sauka daga kan turmin da ta taka.

Ruwan ya sauko kafin Sa'adiya ta gama kwashe kayan. Ta shiga ɗaki da jiƙaƙƙun zannuwa ta zube su a kan kujera, ta zauna a bakin gado. Kishi take ji, kishin maƙwabciyar da ba ta yi mata komai ba sai alheri, kuma ta ji kunyar kishin. Washegari da ta tashi daga makaranta ta biya kasuwa, ta sayi audugar mata da sabulu da man shafawa da sabon hijabi ruwan toka da ƙananan kaya na ciki. Ta ƙulle su a baƙar leda ta tura ƙarƙashin gado. Niyyarta ta ajiye a kan katifar yarinyar in ba kowa, yadda take yi a Miga. Amma ɗakin yaran ba ya rabuwa da mutum, ita kuma kullum a gajiye, yau ta ce gobe, gobe ta ce jibi.

Ana haka Baffa Nata'ala ya zo daga Garki. Shi ne yayan Ɗayyabu, shi ne babba a gidan tun da tsohuwar ta rasu. Dogo ne, siriri, mai sayar da hatsi, ba ya ɗaga murya kuma ba a musa masa. Matarsa ta aurar da 'ya'yanta mata duka, ɗakinta ya yi shiru, tana son wadda za ta riƙe.

Kafin ya iso Ɗayyabu ya samu matarsa a kicin.

"Sa'adiya, Yaya zai tambaye ki. Na gaya masa zamani ya canja, a ji ta bakin uwa. Ni ƙane ne, ba zan iya ce masa a'a ba, kin sani. Amma in ke kika ce a bar miki ita, ba zai ja ba. Ki buɗe baki ki faɗa."

"Ni zan faɗa? A gaban Baffa?"

"To wa zai faɗa?"

Ta ci gaba da juya miya.

Bayan la'asar aka shimfiɗa wa Baffa darduma a rumfar tsakar gida, aka kawo masa fura. Aka yi wa Iyatu addu'a, aka yi maganar damina da tsadar taki. Sa'adiya ta durƙusa can gefe a kan gwiwoyinta, ta ja mayafi ya rufe rabin fuskarta. An kora ƙananan waje. Na'ima tana ɗaki, labulen ƙofar yana ɗan motsi duk da ba iska.

Baffa ya ajiye ludayi ya goge baki.

"To, Halimatu. Maganar yarinyar nan ce. Goggonta tana so a ba ta. Makaranta akwai a can, ba abin da za ta rasa. Amma Ɗayyabu ya ce a tambaye ki. Me kika ce?"

Maganar tana nan a bakinta, ta kwana tana shirya ta, gajeriya ce ma: Baffa, a bar min ita. Ta ɗaga ido kaɗan ta ga farin gemunsa, ta tuna uwarta, ta tuna yadda ake ba da labarin wata mata a rugarsu da ta yi kuka a gaban surukai don an ɗauki ɗanta na fari, har ta tsufa ana nuna ta da baki. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa, ya faɗi abin da aka koya masa.

"Ni mene ne nawa a ciki, Baffa? Taku ce. Duk inda kuka ce ta zauna daidai ne."

A Miga, in uwa ta faɗi haka, kowa ya san abin da take nufi. Tsofaffin mata za su dubi juna su ce Allah sarki, wata ta sa baki ta ce a bar mata ita ko shekara ɗaya ce. Iyatu da tana raye da ita za ta fara. Amma a rumfar nan ba tsohuwa ko ɗaya. Akwai namiji da ya ji amsar da ta yi masa daɗi, da ƙanensa da ya runtse ido ya girgiza kai, da kuma yarinya a bayan labule wadda ta koyi yadda uwa take magana daga wayar hannu.

"Madalla," in ji Baffa. "Allah ya yi miki albarka. Tarbiyya ke nan. Gobe da safe sai mu wuce."

Labulen ya daina motsi.

Da magariba ta yi Ɗayyabu ya ci tuwonsa ya fita masallaci. Na'ima ta haɗa kayanta a jakar buhun nan mai zif, har da tsohuwar wayar da babanta ya bar mata, ta shiga gidan Talatu ta daɗe. Da ta dawo idanunta sun yi ja. Sa'adiya tana zaune a ƙofar kicin, yarinyar ta zo ta durƙusa daga nesa kamar kullum.

"Adda, gobe zan tafi. Ki yafe min abin da na yi miki."

"Ba ki yi komai ba."

Yarinyar ta ɗan jira. Sa'adiya ta san jira take, ta san abin da take jira. Ta dubi murhu ta ce, "Ki kwanta da wuri, hanya da nisa."

Da safe ta ƙi fitowa rakiya, don uwa ba ta raka 'yar fari. Tana ɗaki tana jin Talatu tana ta addu'a da ƙarfi a ƙofar gida, Mu'minatu tana kuka, keke napep ya tsaya ya tashi. Ɗayyabu ya wuce aiki, ƙananan suka bi 'ya'yan Talatu makaranta. Gidan ya yi tsit. Ta sunkuya ta ɗauko takalmin makaranta a ƙarƙashin gado, hannunta ya taɓa baƙar ledar.

Ta jawo ta ta ɗora a cinya. Ta yi tunanin aika wa da direba wani satin. Ta yi tunanin yarinyar a gidan da ba ta sani ba, wata mai zuwa, tana neman wadda za ta gaya wa, ba Talatu a bayan katanga. Ta zura takalmi ta fita ko ƙofar ɗaki ba ta kulle ba, ta tari ɗan acaɓa ta ce tasha.

Tashar a cike take, an yi ruwa da asuba, ko'ina taɓo. 'Yan kamasho suna ihun sunayen garuruwa, masu tallan ƙosai da rake suna kutsawa tsakanin motoci, ga 'yan makarantar kwana da akwatunansu, duk 'yan mata masu hijabi iri ɗaya. Ta tambaya aka nuna mata motar da za ta bi ta Garki, can ƙarshen layi. Ta cika, ana ɗaure buhu a but, direba ya riga ya tayar da inji. Ta hango farar hular Baffa a gaba. Ta hango yarinyar a baya, jikin taga, gilashin a sauke, tana kallon hannunta. Tsakaninsu akwai wata bas da ta gitta ta tsaya, da kwatamin ruwa, da mutane.

"Ke!" ta ce.

'Yan mata da yawa suka juyo, har da mai tallan gyaɗa. Wadda ake nufi ba ta ɗago ba. A tasha kowa "ke" ce.

Aka rufe but. Motar ta fara ja da baya tana gyara hanci. Sa'adiya ta ɗaga ledar sama tana kaɗawa, ta taka taɓon har idon sawu. Ta ji kamar za ta tuɓe a kasuwa, ta rufe ido.

"Na'ima!"

Muryar ta fita a dushe, a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Amma ta kai. Yarinyar ta ɗago da sauri, fuskarta ta washe, ta leƙo da kai ta taga tana dube-dube. Idonta ya bi ta kan masu rake, ya bi ta kan 'yan makaranta, ya zo kan Sa'adiya da ke tsaye cikin taɓo da leda a sama, ya wuce. Mace mai jiki take nema, mai jan mayafi. Talatu take nema. Ba ta san muryar ba, ina za ta san ta? Da ba ta ga kowa ba sai ta koma ta zauna, ta dubi wayar da ke cinyarta kamar ko daga can ne, ta mayar da iyafis kunne.

Baffa ya ji, shi kam ya gane. Ya juyo suka haɗa ido ta gilashin gaba. Dattijon ya kawar da kai da sauri, kunyarta ta kama shi, ya yi abin da yake ganin sutura ce gare ta: ya yi kamar bai gani ba, ya taɓa direba ya ce su tafi.

Sa'adiya ta tsaya har motar ta fita ƙofar tasha ta hau titi. Wani ɗan kamasho ya tambaye ta ina za ta, ta ce ba ko'ina. Ta sauke hannunta, ledar ta yi mata nauyi.

Makaranta ba ta je ba ranar. Da ƙafa ta dawo, a hankali, taɓo yana bushewa a takalminta. Gajiyar da take ji ba irin ta aji ba ce, wannan har cikin ƙashi. Da ta iso bakin titinsu ta ga Malam Izzuddeen ya buɗe shago yana jera wayoyi a allon caji. Ta wuce shi, ta yi 'yan taku, ta dawo.

"Malam, ina kwana."

"A'a, Malama, lafiya lau. An tafi da mutuniyar tawa, ko? Wallahi mun yi rashi."

"Tambaya zan yi. Abin nan da kuka yi. Ana iya cire murya a sa wata?"

Ya dube ta, ya dubi takalminta da ledar da ta rungume. Mutumin yana da surutu amma ba wawa ba ne.

"Ana iyawa. Ba wuya."

"Kuma ana iya tura shi waya a Garki?"

"Har inda ya fi Garki. Sai dai Malama, talla ne fa kawai. Fim ɗin kansa da sauran watanni."

"Na sani. Kunna abin."

Ya ɗage mata labulen ƙuryar, ya goge kujera da hannun riga, ya matso da makirfon daidai bakinta. Wurin yana warin soso da zafin inji. A gilashin kwamfutar matar nan ta zane ta fito daga gida da gudu, ba mayafi, bakinta a buɗe, ya tsayar da ita a nan.

"In na ɗaga hannu sai ki kira ta," ya ce.

Ya ɗaga hannu. Sa'adiya ta ƙanƙame ledar a cinya ta faɗi sunan. Izzuddeen ya saurara ta abin kunnensa, ya ɗan ɓata fuska, ya mayar da matar baya zuwa bakin ƙofarta.

"Bai fita sosai ba, Malama. Sake."

Ta gyara zama, ta share maƙogwaro, ta sake.